Shekarar da Na Saye Fatun Jega

Shekarar da aka yanke mu daga Sakkwato aka ce mun zama Jihar Kebbi, ina zaune gida a Jega, takardar kwalejin horon malamai tana cikin akwati, ba ni da aikin yi. Shekaruna ashirin da 'yan kai. An yi ta cewa sabuwar jiha za ta ɗebi ma'aikata. Sau uku ina kai takarduna Birnin Kebbi, kullum a ce in dawo.

Mahaifina majemi ne, kamar ubansa. Majemarmu tana bayan gari, inda wari ba zai dami kowa ba. Kwatanni goma sha biyu ne binne a ƙasa har wuya, da rumfar kara, da gungumen da yake ɗora fata yana kankare gashi. Fatar akuya yake jima, jar akuyar nan tamu. Zai jiƙa ta a ruwan toka har gashin ya saki, ya kankare, ya wanke, sannan ta kwana kwanaki a ruwan bagaruwa. In ta fito ya shafe ta da man gyaɗa, ya rina da karan dafi, ta yi ja kamar garwashi. Tafin hannunsa ya daɗe da rinewa, ba sabulun da ke fitar da shi. Shi ya tura ni boko da kansa, amma tun kafin in iya karatu na iya duban fata. In na ɗaga ta a rana ina gane wadda wuƙa ta cuta da wadda ƙazuwa ta ci.

Wannan sani ne ya samo mini aiki. Wani Alhaji ɗan garinmu ya zama ejan na wani kamfani a Kano mai sayen ɗanyar fata yana fitarwa Turai. A lokacin naira ta faɗi, duk abin da za a sayar a waje ya yi daraja. Alhaji yana neman wanda ya san fata kuma yake jin Turanci, don manajan kamfanin Ba'indiye ne, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Ya aiko aka kira ni. Da na faɗa wa Baba, yana zaune yana dakan bagaruwa, bai ɗago ba.

"Ɗanya za su ɗauka?" ya tambaye ni.

Na ce, "Ɗanya, Baba. Gishiri kawai za a zuba."

Ya ce, "To, Allah shi sa albarka. Zama ba aiki ba shi da daɗi."

Aikin kashi biyu ne. Farkon mako in hau mota zuwa Birnin Kebbi, in bi layi a ofishin waya. Wani lokaci tun hantsi har azahar ana jiran layin Kano ya shiga. In ya shiga, sai muryar manajan ta zo daga nesa da ƙara a cikinta, ya gaya mini farashin makon. Shi ma ba shi ke yankewa ba. Saƙo ke zuwar masa daga masu masana'antun takalma a Italiya, mutanen da ba su san akwai wani gari Jega ba. Abin da suka faɗa da safe, kafin la'asar yana aljihuna a rubuce a 'yar takarda. Sauran kwanakin kuma in bi kasuwanni a kan babur ɗin Alhaji: Jega, Aliero, Maiyama, har ƙauyuka irin su Jandutsi in na ji an yi yanka da yawa. Duk fatar da ta yi kyau in saye.

Ina jin daɗin aikin, ba zan ɓoye ba. Mahauta suna tashi tsaye in na iso. Na ɗinka manyan kaya, na sayo wa Inna, mahaifiyata, atamfa turmi biyu. Farashin da nake bayarwa babu majemin da zai iya kusantarsa, kuma na san haka. Na dai riƙa gaya wa kaina cewa fata tana da yawa, kowa zai samu.

Wata ranar kasuwar Jega ce na gane ba haka ba ne. Akwai wani tsohon mahauci da ya shekara talatin yana ajiye wa Baba fatunsa. Tun da sassafe na je na saye duk abin da ya feɗe, na sa aka tara gefe ana barbaɗa gishiri. Ina tsaye a kai sai ga Baba da igiyarsa a kafaɗa, wadda yake ɗaure fata da ita. Suka gaisa da mahaucin. Tsohon ya rasa inda zai sa idonsa.

"Yau babu, Malam," ya ce a hankali. "Ɗanka ya riga ka."

Baba ya juyo ya dube ni, ya dubi tarin. Ya duƙa ya zaro guda, ya ɗaga ta sama yana duba, ya shafa bayanta da babban yatsa.

"Wagga ta gari ce," ya ce. "Nawa ka ba shi?"

Na faɗa masa. Ya jinjina kai.

"Ko na jeme ta na rina, ba ni saida ta haka."

Na ce, "Baba, ka ɗauki biyar, ni zan san abin da zan gaya ma Alhaji."

"A'a. Amana anka ba ka." Ya zaro wata, ya nuna mini kusa da wuya. "Wagga kuwa an cuce ka. Dubi inda wuƙa ta shiga. Ka riƙa juya su, kada gaugawa ta ɗebe ka."

Ya ajiye ta, ya kakkaɓe gishirin hannunsa, ya wuce cikin kasuwa da igiyarsa yadda ya zo da ita. Mahaucin ya ce mini, "Ɗana, ni ma iyali gare ni." Ban fasa ɗaure fatun a bayan babur ba.

Daga nan Baba ya koma sayen ragowa, fatun da na ƙi, masu huji da tabo. Majemi kuwa ba ya iya ɓoye aibin fata, jima ma fito da shi take yi. Babban mai sayensa wani baduku ne daga Maiyama, mai ɗinka takalma da titimin zama da kuben wuƙa. Ran nan ya zo, ina gida, na ji su a zaure. Ya juya fatun ɗaya bayan ɗaya ya ce ba irin waɗanda ya saba ɗauka ba ne. Sannan ya sauke murya ya ce gaskiya ko masu kyan ne ba zai iya ɗaukar da yawa ba, don takalman roba sun cika kasuwa, har Fulanin da ke yi masa ciniki su suke sawa yanzu, ba sa jin ruwa ba sa jin ƙaya. Ya ɗauki uku don kunya. Bai sake dawowa ba.

Bayan tafiyarsa Baba ya kira ni, ya ce in zauna. Na ɗauka faɗa zai yi. Sai ya kama ba ni labarin kakana. Ya ce a zamanin ƙuruciyar kakana, fatake ke zuwa har majema su sayi jar fata jemammiya, a ɗora wa jakuna da raƙuma a yi arewa da ita, ta ƙetare hamada. Da Nasara suka ci ƙasa sai suka buɗe kanti, suka ce su ɗanya suke so, busasshiya, za su jeme a ƙasarsu. Suka sa malamin fata yana zagaya mahauta yana koya musu irin fiɗar da suke so, yana buga hatimi. Hanya ta juya kudu, zuwa jirgin ƙasa, zuwa Ikko, zuwa teku. Ya ce tun lokacin rabin majeman Jega suka watse, kakana yana cikin waɗanda suka dage.

"Ba kai ka fara ba," ya ce. "Abin ya girme ka, ya girme ni. Ina dai son ka sani."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kwatannin suka riƙa bushewa ɗaya bayan ɗaya. Kwatarniyar jima kuwa in ta daɗe ba ruwa tsagewa take yi. Kafin shekara biyu saura uku ke aiki. Ni ke kawo cefanen gida a lokacin, kuma na lura Baba ya rage cin abinci in ina wurin. Da kakar albasa ta zo, sai Inna ta gaya mini ya tafi Aliero wurin wani ɗan'uwansu. Ta ce ziyara ce.

A cikin wannan kakar ne na je Birnin Kebbi kamar kullum, na bi layi, aka haɗa ni da Kano. Manajan bai tsaya gaisuwa ba. Ya ce a dakatar da saye. Masu saye a Turai sun ce rumbunansu sun cika, sun kuma sami mai araha daga wata ƙasa. Na tambaye shi zuwa yaushe. Ya ce shi ma bai sani ba, layin ya yanke. Na tsaya da kan wayar a hannu har na bayana ya taɓa kafaɗata.

Ɗakin ajiyar Alhaji cike yake da fata a lokacin, ga zafi ya fara. Muka jira mako uku, babu motar da ta zo daga Kano. Na ƙasa suka fara wari, gashi yana zuba. Alhaji ya karɓi makullin babur ɗinsa ba tare da wani rikici ba. Ya ce in zaɓi ashirin cikin masu sauran kyau in kai wa tsohona, ya fi a zubar.

Na ajiye su a gida na hau mota zuwa Aliero. Na yi ta tambaya har aka nuna mini filin da ake loda albasa. Motoci manya a jere, masu zuwa kudu da masu ƙetare iyaka. A gindin wata na hango Baba zaune a ƙasa cikin 'yan ƙwadago, da basilla a hannu, yana ɗinke bakin buhu. Wani matashi da bai kai ni shekaru ba yana tsaye a kansa yana cewa a yi sauri. Baba ya haura sittin a lokacin. Na tsaya daga nesa na daɗe kafin in iya ƙarasawa.

Na durƙusa na gaishe shi. Bai nuna mamaki ba.

"Innarka ta faɗa maka ke nan."

Na ce ba ta faɗa ba. Na gaya masa abin da ya faru, na ce akwai fata ashirin a gida suna jiransa, masu kyau, irin waɗanda ya daɗe bai taɓa ba.

Ya ja zaren ya ƙulle, ya yanke da haƙori. "Kai kuma mi za ka yi yanzu?"

Na ce ban sani ba.

"Bari in ƙare aikin mutane. Na yi alkawarin kwana huɗu."

Ya cika kwana huɗunsa ya dawo. Cikin ashirin ɗin, tara kawai ya ce za su jemu, sauran gishiri ya ƙone su. Kwatanni biyu suka rage masu riƙe ruwa. Bagaruwa ma sai da muka sayo, don ya sayar da tasa tun bara. Muka yi aikin tare, ni da shi, karo na farko tun ina makarantar firamare. Na ga yadda numfashinsa ke sarƙewa in ya duƙa kan gungume, yana tsayawa yana dafa ƙugu. Ba mu yi maganar ranar nan da muka haɗu a kasuwar Jega ba ko sau ɗaya. Na sha shirya kalmomin neman gafara a raina, in na buɗe baki sai ya ce in miƙo masa wani abu, ko in ƙara ruwa. Har yau ban sani ba ko da gangan yake yi.

Fatun suka fito da kyau ƙwarai. Ya kai su kasuwa mako uku a jere, ya sayar da huɗu. Sauran ya naɗe ya sa a ƙarƙashin gado. Bai sake jiƙa wata fata ba.

Kafin damina takardar ɗaukata aiki ta fito, aka tura ni koyarwa makarantar firamare a Andarai. Ranar da zan tafi ya rako ni har tasha, abin da bai taɓa yi ba, ya tsaya har mota ta cika. Ya ce in riƙe 'ya'yan mutane da kyau, kada in riƙa dukansu.

Watana biyar a can ya rasu. Ciwon ƙirji ne, kwana uku ya yi a kwance. An ba wani direba saƙo, shi kuma motarsa ta lalace a Maiyama, sai da ya kwana biyu kafin ya aiko wani ya same ni a aji. Da na iso Jega an daɗe da rufe shi. Ƙanen Baba ya kai ni maƙabarta ya nuna mini wurin, ƙasar ba ta gama bushewa ba, an jera ƙaya a kai saboda dabbobi.

Na zauna kwana bakwai ana karɓar gaisuwa. Tsofaffin majema uku suka zo, ɗaya ya zama mai gadi a sakatariya, biyu suna noma. Suka yi addu'a, suka ɗan zauna, suka tafi. Ran na takwas Inna ta ce in koma bakin aikina, yara suna jira, ita za ta zauna da ƙanwarta har ta gama takaba. Ta ƙulla mini ƙuli-ƙuli da garin rogo a leda. Na fita da sassafe na tarar an yi ruwa, hanyar Andarai ta yanke, sai da na ƙarasa sauran tafiyar a ƙasa.