Kunyar ɗan fari a ɗakin bakwaini

Ɗana na fari bakwaini ne. Ina sussukar hatsi a garinmu, can gefen Tarka, ruwa ya ɓalle mini, kafin a ɗaura wa jaki amalanke har yaron ya faɗo. A asibitin Tanut suka dube shi suka ce ba su da kwalba, sai Damagaram. Aka sa mu a motar likita, ni da gwaggona, ƙanwar babana, wai ita za ta yi mini jinya. Da na sani, wallahi da ni kaɗai na tafi.

Kwalbar nan akwatin gilashi ce mai ɗumi. Aka kwantar da shi ciki da ƴar roba a hanci, ina tatsar nono a kofi ana ɗura masa. Yau a ce ya ƙaru, gobe a ce ya ragu. Shawara ta kama shi, jikinsa ya yi ɗorawa, aka rufe masa ido aka kunna masa shuɗiyar fitila. Wata rana numfashinsa ya ɗauke, ungozoma ta yi ta murza masa tafin ƙafa har ya motsa. Duk wannan da wutsiyar ido nake kallo. A wajenmu uwa ba ta kallon ɗan fari a gaban mutane, ba ta yi masa wasa, ba ta kiran sunansa. Kunya ce, da ita muka tashi.

Da ya ɗan yi ƙwari, aka kawo wata jaririya da ta fi shi buƙata, aka fitar da shi. Ungozomar, wata doguwa mai faɗa, ta sa na tuɓe riga, ta kifa shi a ƙirjina, fata da fata, ta ɗaure mu da zane.

"Ke ce kwalbarsa yanzu," ta ce. "Ko wa ya zo, kar ki kwance shi. Sanyi ne ke kashe su."

Wayyo daɗi! Ina jin zuciyarsa na bugawa a jikina, ina leƙa shi ta bakin zane son raina. Har ya fara kama nono da kansa. Gwaggo kuwa sai tsaki take yi. "Tir! Ɗiyar gidanmu rungume da ɗan fari kamar biranya."

Ana haka sai ga surukata ta zo dubiya, ita da matan dangi. Damina ce, an yi ruwa da safe, iska na kaɗawa. Ba a barin baƙi su shiga ɗakin, ungozoma kuma ta tafi karɓar wata haihuwa, sai gwaggo ta ja ni baranda.

"Kwance shi."

"Gwaggo, an ce kar..."

"An ce! A gaban uwar mijinki za ki tsaya ba riga, da ɗa manne a ƙirji? So kike a yi da mu a bakin rijiya?"

Na damƙe ƙullin zanen da hannu biyu. Ta murɗe mini yatsu, ta kwance, ta zare shi, ta miƙa wa surukata. Sannan ta kama kafaɗata ta juya ni bango, ta tsaya a bayana.

Ina ji suna karɓarsa hannu zuwa hannu, kowacce sai ta buɗe tsumma ta duba. Wata ta ce, "Kai, wannan ai ɗan tsako ne." Wata ta ce, "Anya na zama ne?" Surukata ta ce su dubi kunnen, na ubansa ne sak, suka kwashe da dariya. Kukansa yana ta raguwa, su kuwa suna cewa yaro mai haƙuri. Na tsane su a lokacin, na tsane su har yau.

Ungozoma ta dawo ta fizge shi tana zaginsu. Ƙafafunsa sun yi sanyi ƙalau. Kwalba babu, kowacce da jariri a ciki. Ta sake ɗaure mini shi, ta lulluɓe mu da bargo, amma bai ƙara kama nono ba. Washegari da hantsi ya cika a ƙirjina.

Da muka koma gida, mata suka cika tsakar gida gaisuwa. Kuka ya taso mini, gwaggo ta zura hannu ƙarƙashin mayafi ta mintsini cinyata da ƙarfi, don ba a kukan ɗan fari. Na haɗiye, na sunkuyar da kai.

Surukata ta nuna ni da haɓa, ta ce wa matan, "Kun ga ɗiyar mutunci? Ko ɗigon hawaye babu. Wallahi mun yi dacen suruka."

Suka ce madalla, suka yi ta sa wa gwaggo albarka saboda tarbiyya.