Gafiyar da Baba Ya Ɗinka wa Karenmu

Lokacin da na koma gida wankan haihuwar fari, damina ta riga ta zauna. Ƙauyenmu yana can gaba da Doguwa, a gindin duwatsu, inda in ruwa ya kama sai ya wuni yana zuba, hanya ta zama taɓo, ko mai babur ba ya son shigowa. Inna ta gyara mini ɗakin da ke kallon rumbu, ta shimfiɗa mini dokokinta: ba fita, ba ɗaukar kaya, ba ruwan sanyi. Aikina wankan ruwan zafi safe da yamma, shan kunun kanwa, shayar da jaririya, sai kuma kallon tsakar gida daga bakin ƙofa.

Abin da na fi gani kuwa shi ne karen Baba, kwance a ƙarƙashin rumbu. Ɗan ƙarami ne, mai gajerun ƙafafu, ja-ja, kunnensa ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Tun ina makarantar firamare Baba ya karɓo shi a wata ruga don gadin gonar masara, saboda birai da ke saukowa daga dutse. Girmansa bai kai na ɗan akuya ba, amma in ya buɗe baki sai ka rantse wani ƙato ne. Yanzu bakin ya yi furfura, ciki ya yi nauyi, kaji suna tsallaka shi kamar turmi. Har wata kaza na gani ta hau bayansa tana gyara fiffike, bai ko buɗe ido ba.

Abin ya dami Baba, ko da yake ba ya faɗa. Ranar kasuwar Tudun Wada ya je ya sami malamin dabbobi, ya yi masa bayani. Da ya dawo ya zauna a bakin ɗakina ya ce malamin ya tambaye shi ko karen yana ci, ko yana tari, ko yana amai. Da ya ji duk lafiya, sai ya ce tsufa ne da ƙiba, gaɓoɓi sun yi tsami. A rage masa ɗumamen tuwo, kada a ja shi gona cikin wannan sanyin, amma kada a bar shi ya wuni kwance. A riƙa sa shi yana ɗan motsawa a cikin gida, kaɗan-kaɗan, in ya gaji a ƙyale shi.

Inna tana tankaɗe tana ji. Ita dama ba ta taɓa shiri da karen ba. Iyakarsa rumbu da zaure, bai isa ya kusanci randa ko madafa ba, kuma kaskonsa daban yake a bayan turken awaki. Ta ce ita dai ba ta taɓa jin an yi wa kare motsa jiki ba, sai a gidan nan, kuma duk wanda ya taɓa shi ya san inda sabulu yake.

Baba ya gwada yadda ya sani. Ya yi fito, ya tafa cinya, ya ɗauki fartanya ya yi kamar zai tafi gona. Karen ya kaɗa wutsiya sau ɗaya don girmamawa, ya koma barci.

Ni zaman ɗaki ya ishe ni, shi ya sa na shiga maganar. Wata rana Inna ta kawo mini miya da busasshen kifin Tiga. Na cire kan kifin, na tsinko zare daga bakin wani tsohon zane, na ɗaure, na jefa tsakar gida. Hancin karen ya fara motsi kafin idonsa. Na ja zaren kaɗan. Ya ɗaga kai. Na ƙara ja. Sai ga shi ya miƙe, ƙafafun baya suna rawa, ya yi wata doguwar miƙa har da hamma, ya biyo kan kifin yana tafiya kamar tsohon da aka kira ɗaurin aure. Dariya ta kama ni, ga ciki bai gama warkewa ba, ina dariya ina riƙe mara ina cewa wayyo. Inna ta fito da muciya a hannu ta ce mai jego ba ta irin wannan dariyar, sannan ta ga abin da ake yi, ta juya da sauri ta koma madafa. Na ga kafaɗunta suna girgiza.

Da Baba ya dawo daga masallaci na nuna masa. Ya tsaya ya kalla da hannu a baya, ya girgiza kai.

“Uwata, ba haka ake ja ba,” ya ce. Haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni. “Wannan karen gafiya ya sani. Gafiya kuwa ba ta tafiya a miƙe.”

Washegari ya nemo tsohuwar safarsa ta zuwa gona, ya cusa mata ƙaiƙayi da ɓawon kifi, ya ari allurar Inna ya ɗinke bakin, har wutsiya ya yi mata da guntun igiya. Mutumin da ban taɓa ganin ya ɗinke maɓallin rigarsa ba. Ya ɗaura mata doguwar igiya, ya laɓe a bayan rumbu, ya fara ja. Gafiyar safa ta leƙo, ta tsaya, ta ja da baya, ta ruga ta shige bayan turmi. Kunnen karen da ke kwance ma sai da ya tashi. Ya yi wani haushi a dishe, wanda ya ba shi kansa mamaki, ya bi ta da gudunsa na tsufa, gindi yana karkacewa gefe ɗaya. Kaji suka watse. Baba yana dariya har da tari.

Daga nan abin ya zama na kullum. Bayan la'asar, in ruwa ya ɗan tsagaita, a yi a tsakar gida. In yana zuba, a koma ƙarƙashin rumfar kwano da ke tsakanin zaure da rumbu. Baba ba ya bari a daɗe. Da ya ga harshen karen ya fito sai ya bar shi ya kama safar, ya kai abarsa ƙarƙashin rumbu ya tattauna. Akwai ranar da muka zarce, washegari karen ya tashi yana ɗingishi, Baba ya wuni ba walwala, aka huta kwana biyu.

Inna ce ta ƙi shiga, har ranar da ta ce mu duka ba mu da dabara, muna wahalar da tsoho da gudu alhali hanci ne ƙarfinsa. Ta kife sakaina uku a ƙasa, ta sa ƙuli-ƙuli a ƙarƙashin ɗaya, ta koma nesa ta naɗe hannu. Karen ya zo ya shinshina, ya ture ta tsakiya da hanci, ya ɗauke. Ta ce sa'a ce. Ta sake, ya sake. Kafin mako ya zagayo, Inna ce ke ɓoye ƙuli-ƙuli a bayan tulin itace da cikin tsohon kwando, tana tsaye tana ce masa ya yi sanyi, ya yi zafi, kamar yana jin Hausa. Bayan haka ta je ta wanke hannu har gwiwar hannu, ko da ba ta taɓa shi ba.

Ranar da ba na mantawa ita ce ranar da surukata ta zo daga Kiru duba jaririya. Ba mu san da zuwanta ba, don waya ba ta shiga garinmu sai an hau tudu. Ana yayyafi mai ƙarfi, kwano yana ƙara, ba wanda ya ji sallama. Baba ya tattare rigarsa ya soke a wando, hula ta karkace, yana zagaya rumbu a guje da igiya a hannu. Kare yana bayansa. Inna tana tafi tana cewa ya kusa kamawa. Ni ina bakin ƙofa da jaririya a kafaɗa, hawaye na zuba don dariya. Sai ga Hajiya, surukar tawa, tsaye a bakin zaure da lema, da wata ƙanwarta ɗauke da ƙullin kaya a ka.

Baba mutum ne da ko gaisawa da surukai zai yi sai ya sa babbar riga. Ya tsaya cak. Karen ya samu dama ya cafke safar, ya fara ja da baya yana gurnani. Baba bai saki igiyar ba, ina jin ya manta tana hannunsa. Ya ɗan rusuna, kare yana fizgar hannunsa, ya ce, “Hajiya, sannunku da zuwa. Ya hanya? Ya ruwa?”

Hajiya ta amsa da lafiya lau, fuskarta a ɗaure kamar ba ta ga komai ba. Ta tambayi gida, ta tambayi gona, ta tambayi mai jego. Duk wannan gaisuwar ana yin ta ne kare yana jan Baba taku-taku zuwa rumbu. Ƙanwarta ce ta fara fashewa da dariya, ƙullin kayan ya zame daga kanta. Sai Hajiya ta rufe baki da mayafi ta durƙushe a wurin. Inna ta gudu madafa. Baba ya saki igiyar, ya gyara hula, ya ce bari ya leƙa masallaci, alhali la'asar ta wuce magariba kuma da saura.

Kwana biyu Hajiya ta yi mana. Kafin ta tafi sai da ta sa Inna ta nuna mata wasan sakaina, ta kuma zaɓi wadda za a sa ƙuli-ƙulin da kanta. Har yau in muka zauna a Kiru aka rasa hira, sai ta ce in ba su labarin gaisuwar Baba, ta fara dariya tun ban buɗe baki ba.

Karen bai koma gadin gona ba, kuma ba wanda ya sa ran haka. Amma cikinsa ya ɗan zazzage, yana tashi da kansa ya zagaya gida da safe, yana raka Baba har ƙofar zaure. Ranar da mijina ya zo ɗaukata, bayan hanya ta ɗan bushe, karen ya fito waje ya tsaya a gaban motar haya yana haushi da muryarsa ta dishe, har direban ya ɗage ƙafa ya rufe ƙofa. Baba ya ce masa ya kwantar da hankalinsa, haƙoran da suka rage ba su da yawa. Muka loda kaya, Inna ta miƙo mini jaririya ta taga, muka kama hanyar Tudun Wada.