Hoton Murhun Hajiya Yagana

Ba zan manta da ranar da na tura hotona ina cin ƙuli-ƙuli zuwa babban ofishinmu ba. Hotunan gida aka ce in tura, yatsana ya haɗa har da nawa.

Lokacin hutun makaranta nake taɓa aiki a wani ƙaramin ofishin inshora kusa da Ƙofar Na'isa. Tsarin shi ne, inshorar gida shekara ɗaya take yi, kafin a sabunta sai an duba gidan. To a cikin birni babban namiji ba ya wuce zaure. Shi ya sa Malam Nura, jami'in dubawa, yake tafiya da ni: shi ya zauna a zaure, ni da nake yaro in shiga da waya. Muƙamina ke nan, kuma ina ji da shi kamar gwamna.

Ranar gidan Alhaji Bukar muka je a Yakasai. Na ɗauki bango, rufi da wayoyin wuta. A madafar da ke can ƙuryar tsakar gida na tarar da matarsa, Hajiya Yagana, da murhu uku, ana suyar ƙuli-ƙuli na sayarwa. Kaskonta ɗaya sai in yi iyo a ciki. Ta cika min hannu, ni kuma na ɗaga waya na yi murmushi, wuta na ci a bayana.

Bayan sati amsa ta zo: ba za a sabunta ba.

"Malam, laifin ƙuli-ƙulin ne ko na fuskata?" na tambaya.

"Na murhun da ke bayanka a hoton ne, sarkin surutu," in ji Malam Nura. "Gidan kwana muka yi wa inshora. Man suya da wuta kullum a ƙarƙashin rufin azara kuwa, wannan masana'anta ce."

Abin ya ɗaure min kai. Wutar tuwo ba laifi, wutar sana'a laifi? Ya ce bambancin yawa ne da daɗewa. Zaɓi biyu aka bayar kafin ƙarshen wata: a kashe murhun, ko inshorar ta faɗi.

Muka koma. Alhaji ya saurara, ya ja carbi, ya dube ni.

"Kai ɗan hoto, shiga ka ce na ce a daina suyar nan."

Na shiga, na isar da saƙon.

"Koma ka tambaye shi," in ji Hajiya, ko ɗagowa ba ta yi ba, "benen da yake tsoron ya ƙone, wace wuta ce ta gina shi?"

Na dawo na faɗa, har da kwaikwayon muryarta. Malam Nura ya ƙware da ruwa. Haka na yi ta safa da marwa tsakanin zaure da murhu har silifas ɗina ya kusa neman fansho. Saƙon Alhaji kullum ƙara laushi yake. Na ƙarshen shi ne: "Ka ce shawara ce kawai."

A hanya na tambayi Malam Nura me ya sa bai yi wa Hajiya bayani da kansa ba, ko ta bayan labule. Ya ce shekarunsa a aikin nan da masu sa hannu yake magana, bai cika sanin wa ke riƙe da gidan ba.

Wata ya ƙare, inshorar ta faɗi. Alhaji ya sayo tukunyar kashe gobara ya rataye a bakin madafa. Hajiya har yau tana suya.