Sambuk Biyu Kafaɗa da Kafaɗa

Kafin a gina babbar tashar Jidda, mu ne ke zuwa da sambuk, jirgin katako mai filafilai, mu sauko da alhazai daga manyan jirage. In aikin hajji ya wuce sai zaman banza ya ishe mu, mu shirya tsere. Ni mai jan igiya ne a jirgin aminina. Nauyina kuwa, in na koma gefe guda, har kifayen ƙasa sai sun yi salati.

Dokar tseren ba wuya. In jirage biyu suka jera, hancin wannan ya shiga tsawon wancan, iska na bugun su ta gefe ɗaya, wanda iska ta fara taɓawa shi zai kauce. Na ƙarƙashin iska ke da hanya, kuma sai ya ɗaga murya ya nema. A ruwa ba babba ba yaro.

Ran nan muka jera da jirgin surukin aminina, uban matarsa, dattijon da ido ya fara yi masa hazo. Shi yana sama da iska, mu muna ƙasa, a gefenmu kuma ga sha'ab, duwatsun murjani masu yanka katako kamar tsire. Dattijo na matso mu, bai gan mu ba.

Na ce, "Yalla, maza yi masa magana! Hanyarka ce!"

Aminina ya sunkuyar da kai. Mutumin da tun aurensa bai taɓa cin abinci gaban surukin nan ba.

"Ƙato, kana da hankali? In daka wa Baba tsawa?"

"To ni in daka!"

"Daga jirgina? Wallahi sai in jefa ka ruwa, in na iya ɗaga ka."

Yana faɗa yana murmushi, yana karkata akalar jirgi yana ba da hanya. Ya ƙara bayarwa. Sai muka ji ƙarar da har yau in ana fasa akwati a kasuwa nake waiwayawa.

Ba wanda ya mutu. Mun tsaya kan duwatsu, ruwa iya ƙugu, ƙafafu na jini, muna kallon sambuk ɗin da ubansa ya bar masa yana buɗewa katako bayan katako. 

Da dattijo ya ji yadda aka yi, ya zo har ƙofar gida da sandarsa, ya tsaya daga waje.

"Yaro, me ya hana ka kira ni?"

Aminina ya durƙusa, ido a ƙasa. "Ba komai, Baba."

Tsohon ya ce a ɗauki nasa jirgin, halas. Aminina ya ƙi, kunyar dai ita ce. Ya koma dakon buhuna a ɗakunan ajiya na unguwar Khumra, inda ko warin teku ba ya kaiwa sai iska ta juyo. Can bayansa ya ranƙwafe, can muka je muka ɗauko gawarsa.