Wayar da Bayan-Hannu Bai Ɗaure Ba

A layin masu gyara ba wanda ke kiransa da wani suna sai Bayan-Hannu. In ya gama gyaran rediyo ko fanka, sai ya jona a wuta, ya ɗora bayan hannunsa a jikin ƙarfen, ya lumshe ido. In wuta ba ta ja shi ba, sai ya ce da mai kaya, "Ɗauki abinka, jikina ya shaida." Yana ji da kansa a kan wannan, har da 'yar fankama. A shagon nan mai warin dalma ya yi furfura, kullum a tsaye kan wata baƙar shimfiɗar roba mai kauri.

Maƙwabcinsa mai wanki da guga ne, dattijo mai yawan tsokana. Benci ɗaya suke zama da rana. Bayan-Hannu ya kira shi "mai ƙona riguna," shi kuma ya rama da "likitan da ke ƙarasa marasa lafiya." Sun aurar da 'ya'ya tare, sun yi jana'iza tare.

Wata rana Mai Guga ya kawo dutsen gugarsa na lantarki, igiyar ta ƙone. Bayan-Hannu ya sa sabuwa. Wayoyi uku ne a ciki, ta ukun koriya, ita ce ke janye wuta in ta ɓalle ta shiga jikin ƙarfe. To, ƙusar da ke riƙe ta ta cinye, ga wani a bakin ƙofa yana ta masifa a kan talabijin ɗinsa. Sai ya lanƙwasa koriyar, ya cusa ta gefe, ya rufe, da niyyar gobe ya nemo ƙusa. Ya jona, ya ɗora bayan hannu, shiru. Ina wuta za ta ja shi, yana kan roba? Mai Guga kuwa ba takalmi yake aiki, a kan siminti mai lema. Bayan-Hannu ya san haka sarai, ƙafafun nan kullum yana ganinsu.

Goben ta zo ta wuce bai nemo ƙusar ba. Ana cikin haka wata la'asar aka ji ihu. Wuta ta riƙe hannun Mai Guga a jikin dutsen, sai da wani tela ya sa katako ya buge shi. Tafin ya ƙone, yatsun dama suka lanƙwashe, likita ya ce ba za su ƙara miƙewa ba.

Babban ɗan Mai Guga ya kai ƙara kotu. Ƙanen matar Bayan-Hannu lauya ne, ya iso gidan ya tarar da shi yana sa hula zai tafi dubiya.

"Yaya, ina zuwa?"

"Asibiti."

"Cire hular nan. Ko sannu ka ce masa, za su ce ka amsa laifi. A rufe shago, a sayar da kayan aikinka a biya diyya, yaran nan su ci me? Dutsen ya bi hannun mutane, kowa ya buɗe ya leƙa. Ba su da hujja sai in kai ka ba su."

Ya cire hular. Wallahi da hannunsa ya cire, ba wanda ya fizge masa. Tun daga ranar abinci ya daina wuce masa. Matar ta ce, "Baban yara, ciwo kake so ka ja mana?" Sai ya ce ba komai. Benci ya shigar da shi cikin shago, ya jingine a bango, don ganinsa ba kowa yana cin ransa.

A kotu lauyan ya yi aikinsa, kuma ya iya. Ya tambayi Mai Guga ko da takalmi a ƙafarsa ranar.

"Babu, ɗana."

"Ƙasan a jiƙe yake?"

"Wanki nake yi, yaushe zai bushe?"

Aka juyo kan Bayan-Hannu: ya gwada dutsen kafin ya bayar? Ya ce ya gwada. Gaskiya ya faɗa, kuma ita ce ta fi ƙona shi. Ya tsaya yana jiran wani ya tambayi koriyar waya, rabi tsoro rabi fata. Ba wanda ya tambaya, shi kuma bai faɗa ba. Alƙali ya ce ba a tabbatar da sakaci ba, ya kori ƙarar.

A bakin matakala lauya na ta washe baki. Bayan-Hannu ya sunkuyar da kai zai sulale, sai ya ji an sha gabansa. Mai Guga ne, ya rame, hannunsa na dama a cikin aljihu.

"Likita, ashe kana raye? Yaron nan ne ya matsa da ƙara, ni na ce masa in dai kai ka gyara, ba daga wurinka ba ne."

Ya miƙo masa hannu su gaisa.

"Yi haƙuri da hagu," in ji shi.