Ranar da Alhaji Ya Kashe Inji Aka Tafi Gonarmu

Abubuwa da yawa sun shige mini, amma daminar nan ba za ta taɓa fita daga raina ba.

A lokacin ina aiki a wani injin casar shinkafa a Bici, gidanmu kuwa yana wani ƙauye wajen Tsanyawa. Ruwa ya sauka da wuri, gero ya fito, ciyawa ta biyo shi da gudu. Babana ciwon ƙafa ya sa shi gaba, ko masallaci sai an riƙe shi, gonar kuwa ita ce abincin gidanmu na shekara. Ni kuma ga ni a bakin inji tun safe har magariba. In na tafi gona na rasa aiki, in na zauna ciyawa ta cinye geron.

Jikina yana Bici, hankalina yana gona. Abinci ba ya shiga. Duk hadarin da ya haɗu sai gabana ya faɗi, don na san ciyawa zai shayar. Ba ni kaɗai ba ne ma, dukkanmu ma'aikatan injin manoma ne, kowa ya zama kamar ashana, abu kaɗan sai faɗa. Rannan na bar inji yana ta ruri babu ko ƙwayar shinkafa a ciki, ina tsaye na ƙura wa sama ido. Sai na ji an dafa kafaɗata. Alhaji ne, mai injin. A raina na ce yau kam kora ta tabbata.

"Malam, an yi muku noman fari kuwa?"

"Ba a yi ba, Alhaji."

"Tun shuka?"

Na gyaɗa masa kai. Ya kashe injin da hannunsa, ya tara mu, ya bi kowa da wannan tambayar. Sannan ya ce, "Gobe babu casa. Kowa ya zo da fartanyarsa." Wani ɗan kasuwa da ya kawo casa ya fara ƙorafi, Alhaji ya ce masa, "Shinkafarka tana buhu, babu abin da zai same ta zuwa jibi."

Da sassafe muka cika a-kori-kura, gayya sosai, aka fara da gonarmu. Alhaji ya naɗe riga ya sunkuya da tumbinsa, bai kai ƙarshen kunya ba ya nemi gindin ɗorawa yana haki, yana ba da umarni daga inuwa. Waɗanda jiya suke zagin juna yau suna tsere. Kafin la'asar gero ya fito fili. Aka ɗauko Baba a babur ya gani, ya buɗe baki zai yi godiya, sai hawaye.

Daga nan duk Alhamis gonar ɗayanmu ake zuwa, faɗa kuma ya ƙare a wurin aiki.

Na koyi cewa sau da yawa abin da ke gajiyar da ma'aikaci a gida ya baro shi. Yanzu da nake da nawa injin, in na ga mutum yana yawan kallon sama, gonarsa nake fara tambaya.