Baƙin Ƙarfe a Ƙarƙashin Gilashi

Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya yi sauƙi, Baba ya dawo gidana a Abuja. Hannunsa na dama yana ɗaguwa har baki, amma yatsun ba sa riƙe komai. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana walda a Zariya, yau cokali ya gagare shi. Likita ta ce ya ci da hagu. Limamin unguwarmu ma ya zo har gida ya ce lalura ce, babu laifi. Baba ya saurare su da ladabi, suna fita ya ce shi tun da aka yaye shi bai taɓa kai loma da hagu ba, ba kuma zai fara da furfura ba. Sai dai a ba shi a baki, abin da ya tsana ke nan. Loma uku zai karɓa daga hannun Mama ya kau da kai. Ina kallo yana ramewa, rigunansa suna yi masa yawa, tsoro ya kama ni ƙwarai.

Ina da wata firinta a lungun falo, irin mai narka zaren roba ta gina abu hawa-hawa. Da ɗoki na saye ta, na buga 'yan tarkace, daga baya ta koma wurin rataye mayafi. Baba bai taɓa ganin mutuncinta ba, injin taliya yake ce mata. Ita na tuna. Na zana wani mariƙi da zai zagaye tafin hannu a soke cokali a jikinsa, yadda ba sai yatsu sun yi aiki ba.

Sai dai farantin alminiyam da take gini a kansa ya ɗan lanƙwashe, robar ba ta zama. Ni da wayona, na je Wuse aka yanko mini gilasai biyu masu kauri, tunda babu abin da ya kai gilashi shimfiɗuwa daidai. A gefen bakin da robar ke fitowa akwai ɗan sensa kamar ɗan yatsa, da jar fitila a kansa. Aikinsa ya gaya wa firintar cewa ta iso faranti, ta tsaya. Na ɗora gilashi na kunna. Bakin ya yi ta saukowa, fitilar ba ta kama ba, sai ji na yi ƙas, gilashin ya rabe biyu. Na ɗora wa mai yankan laifi, na sa na biyun. Shi ma haka ya ƙare. Na zauna a ƙasa kamar in yi kuka.

Baba yana kujera yana kallona. Ya yi nuni a matso masa da teburin da firintar ke kai. Da hagu ya yi komai, don a wurinsa aiki daban, ci daban. Ya kara gutsuren gilashin a ƙarƙashin sensan, shiru. Ya kara yatsa, ya kara carbinsa na itace, shiru. Sai ya ɗauki makullin ƙofa. Bai ma taɓa ba, da sauran 'yar rata, fitilar ta yi ja. Ya janye ta mutu, ya matso ta kama. Ya sa Mama ta kawo murfin tukunyar alminiyam, shi kuma sai da ya kusan manna shi kafin fitilar ta kula shi.

Daga nan ya ce a ciro siririn gilashin da ke jikin hoton bango. Na riƙe masa, ya sa makullin a bayansa. Fitilar ta kama.

Na ƙura wa fitilar ido. Abu ba ido, ba hanci, bai taɓa komai ba, amma ya san akwai ƙarfe a bayan gilashi. Daga baya na karanta cewa wani irin maganaɗisu yake fitarwa, ƙarfe ne kawai ke motsa shi, baƙin ƙarfe ya fi alminiyam. Karatun bai rage mini mamakin ba ko kaɗan. Mama dai tasbihi ta yi ta yi. Ni kuwa ban san wanda ya fi ba ni mamaki ba, abin ko tsohon da ya gano halinsa kafin kofin shayi ya huce.

Harshensa yana da nauyi, amma na ji shi sarai. "Uwata, abin nan makaho ne, ƙarfe kawai yake ji. Gilashinki iska ne a wurinsa. Ki rage kauri, ki sa masa baƙin ƙarfe a ƙasa."

Na koma Wuse. Mai yankan gilashin, wani Bakatsine mai barkwanci, ya tambaye ni ko cin gilashin nake yi. Ya yanko siriri, maƙwabcinsa ya yanko mini fallen ƙarfe daidai faɗinsa. Na haɗa su, na kunna. Bakin ya sauko, saura ƙiris ya taɓa gilashin, fitilar ta yi ja, ya tsaya cak. Tun azahar take gini har bayan la'asar, Baba bai tashi ba sai don salla.

Fate Mama ta yi ranar. Na zura masa mariƙin a hannun dama, na soke cokalin. Ya yi bisimilla. Na farko ya zube a rigarsa, na biyu ma rabi ya isa. Mama ta miƙo hannu za ta taimaka, ya harare ta, ta koma ta zauna. Na daina ƙirga a cokali na goma saboda hawaye ya hana ni gani.

Can sai ya tsaya, ya turo kwanon gabana da bayan hannunsa. Wata bakwai rabon da ya yi wa wani tayin abinci.

"Uwata," ya ce, "sa hannu mana."